Tocilar da Ta Ƙi Mutuwa a Rijiyar Gidan Katta

Kai, wa ya ce ka buga ta a gwiwa? Tocila ce fa, ba jaki ba. Kawo nan. Ku samarin yanzu ke nan, abu ya ƙi ci sai duka, duka ya ƙi sai a jefar a sayi wani, sannan ku zo ku cika mini rumfa kuna cewa wai gyaran tocila ba sana'a ba ce, goge ƙarfe ne da canjin ƙwai. To, madalla. Ku ɗaga kai ku dubi waccan da ke rataye a ƙusa, mai lotsattsen goshi da ɗamarar fata. Ni Arzika na ƙera ta da hannuna, kuma duk rayuwata ban yi aikin da ya kai ta kyau ba. Ita ce ta kusa kashe mini aboki da rana tsaka, ina tsaye ina yi mata kirari. Ku zauna ku ji, tun da yau kasuwa ba ta ci.

Tocilar farko da ta shigo hannuna ta wani gardi ce, wato ɗan sandan Faransa, daga Ƙwanni. Lokacin Nasara ke mulki, nan Ingilishi, can Faransa, mu kuma muna tsakani muna cin kasuwa ɗaya. Ina saurayi a maƙerar Baffa Dikko, ƙanen mahaifina, maƙerin farfaru mai zobba da warwaro. Shekara huɗu ban wuce zuga da goga da magagari ba. Gardin ya ajiye abin a gaban Baffa ya ce ya daina ci. Baffa ya juya shi, ya sunsuna, ya tura masa abinsa ya ce, "Wutar da ba ta da hayaƙi ban san ubanta ba. Kai ta gaba."

Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "Baffa, ni na iya."

Wallahi ko taɓa tocila ban taɓa yi ba. Na murɗe gindinta, sai wayar nan mai naɗi ta yi tsalle ta faɗa cikin toka, batir biyu suka gangaro ƙasa. Na durƙusa ina tonon toka kamar kaza, gardi na zare mini ido, Baffa na ci gaba da aikinsa kamar bai san ni ba. Da na samo wayar na tattara komai na cusa yadda ya zo, na rufe, na danna. Sai ga wuta! Ashe mutumin nan ya saka batir ɗaya kai a ƙasa ne, ni kuma cikin ruɗewa na mayar da shi daidai. Kafin la'asar labari ya zaga Illela cewa ɗan gidan Dikko ya tayar da wutar Nasara. Tun daga ranar nake gwani. Wannan sirrin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku, don na san ba ku da mutuncin da za a yarda da maganarku.

Da suna ya riga ilimi zuwa, dole ilimi ya biyo a guje. Duk matacciyar tocilar da aka yar sai na tsinto na farke cikinta na ga yadda aka yi ta. Kayan aikina ba su cika jaka ba: ƙaramin awartaki, almakashin yanka gwangwani, magagari mai laushi, basilla, dalma da sinadari na liƙi, da wani guntun jan ƙarfe da nake gasawa a gawayin Baffa in ya juya baya. Koren amai da batir ke yi idan ya ruɓe a ciki, ruwan tsamiya da toka ke cinye shi. Ƙoƙon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai kuwa ba a taɓa shi da yatsa, sai da auduga, da hucin baki. Wani irin batirin Faransa faffaɗa ne, yana da harsuna biyu na ƙarfe, ka ɗora naka harshen a kai, in ya cije ka yana da rai. Na lashi batir a rayuwata fiye da yadda na lashi zuma.

Tocila kuma ba a gwada ta a rana, kowace ƙarya take yi. Akwai wani tsohon rumbu a bayan gidanmu da ba a zuba komai, nan nake hawa in shige in ja murfi, ko da azahar ce ya zama mini duhu. A jikin bangonsa nake ganin ko hasken ya taru wuri ɗaya ko ya watse. Maƙwabta sun daɗe suna zaton gero nake sata, har sai da suka tuna rumbun ya fi ni talauci.

Gyara bai ishe ni ba, ni ƙari nake so. Nan cutar take. In ɗauki ƙwan Faransa in aura wa jikin ta Ingilishi. In matsar da ƙwai gaba ko baya da kaurin ƙwayar gero har haske ya tsuke ya yi nisa. Wani malami na rage wa tasa baki da gwangwani don ta haska shafi ɗaya kawai kada ta tashi iyali. Wata ungozoma na yi wa tata rataya don hannuwanta su huta. Fatake kuwa ado suke so, sai in kai wa dukawa su naɗe ta da jar fata, in ɗaura mata zoben tagulla. Wani mafarauci daga Lafani ya ce yana son wadda za ta hango idon gada daga nesa. Na haɗa jikin tocila uku na liƙe, ta ci batir shida, ta yi tsawon taɓarya. Don tsabar son a sani ban kai ta rumbu ba, na ce a gaban jama'a za a fara kunna ta ranar kasuwa. Aka taru. Na danna. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, ya yi baƙi, shi ke nan. Sai Baffa daga inda yake zaune ya ce, "Ai ta haska, ni na gani. Wanda ya ƙifta ido shi ya jiyo." Ranar na koyi cewa ƙwai ma kamar jaki ne, yana da iyakar kayan da yake ɗauka.

Sai muguwar shekara ta zo. Turawa suka kaure da yaƙi can ƙasarsu, na nan da na Ƙwanni suka daina ga maciji, aka tsananta iyaka. Batir ya ɓace, ƙwai ya ɓace. Damina kuma ta yi gardama, rijiyoyi suka ja baya. Wa ke ta tocila ana neman ruwan sha? Na koma shanya matattun batura a rana kamar kuɓewa, ina huda su da basilla ina ɗiga musu ruwan gishiri, su farfaɗo su yi kwana biyu su sake macewa. Masu wucewa su ce, "Arzika, yaya marasa lafiya?" Baffa ya ce in dawo in riƙe zuga tun da wutar Nasara ta ƙare. Wannan magana ta ci mini rai ƙwarai. Ina da batir uku masu rai da ƙwai guda da na ɓoye cikin tukunya, na rantse ba zan taɓa su ba sai a kan aikin da zai dawo mini da sunana.

Aikin ya zo da ƙafarsa. Ina da aboki, Jaɓɓi, mutumin Gidan Katta, tare muka yi makarantar allo. Sana'ar gidansu ginar rijiya da yasarta. Mahaifinsa ya rasu, yana aiki ƙarƙashin wan mahaifin, Baba Nomau, tsoho mai ƙarancin magana. Jaɓɓi kuwa baki gare shi, ga murya. In ya shiga rijiya waƙa yake tun daga sama har ƙasa, da ita na sama ke sanin yana lafiya. Ya zo rumfata ranar kasuwa ya zube, ya ce tsohuwar rijiyar garinsu za su yasa su ƙara mata zurfi, gaba goma sha huɗu ce, mata na kwana biyu ba su cika tulu ba.

Ya ce, "Kwana ukku muna abu guda. Baba ya ce ba mai shiga sai an sauke fitilar kasko da igiya ta kai ƙasa tana ci. Mun sauke, ta mutu. Mu yi ta jan ganye muna kaɗawa ciki, mu sake saukewa, ta sake mutuwa. Shi kuma ya ce masu wurin ba su ba da izini ba."

Na ce, "Su wa ke nan?"

Ya ce, "Kai ma ka sani. Waɗanda ba a faɗin sunansu."

Na yi dariya har da buga cinya. Ni da na yi gyara wa akawu da gardawa, ina ji da kaina na waye. Na ce, "Jaɓɓi, matsalarku fitila ce. Lagwani da man gyaɗa, ko atishawa ka yi sai ta mutu. Ba ni kwana biyar in yi maka wutar da ba mai hure ta, mutum ko aljan."

Kwana biyar ɗin nan ban taɓa yin aiki irinsu ba. Na yanke kan wata tocilar Ingilishi, na rage shi, na liƙa masa faranti na gwangwani mai lanƙwasa daidai goshin mutum. Na sa aka ɗinka ɗamarar fata mai laushi ta zagaya kai. Baturan uku na jera cikin ƙaramar jakar fata da za ta zauna a gadon baya, na ja waya biyu na naɗe su da zare da kakin zuma don kada laima ta taɓa su. Gilashin na kewaye shi da danƙo. Makunnin na sa shi a gefen kunne, inda babban yatsa zai same shi ko da taɓo. Na shiga rumbu na ɗaura a kaina, duk inda na juya haske na bina, hannuwana biyu a sake. Na zauna a rumbun nan ni kaɗai ina yi wa kaina barka.

Na kai ta Gidan Katta da kaina. Baba Nomau ya karɓa, ya kunna, ya kashe, ya yaba ɗinkin fatar. Sannan ya ce, "Wanga abu, in anka kai shi inda fitila ke mutuwa, shi ma shina mutuwa?"

Na buga ƙirji na ce, "Baba, ai amfaninsa ke nan. Ko ƙarƙashin ƙasa ta bakwai aka kai shi ba ya mutuwa."

Ya miƙo mini ya ce, "To ba shi da amfani gare mu."

Na ɗauka tsufa ne da ƙin sabon abu. A raina na ce kifin rijiya. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai ga wanda ya isa a yi wa bayani ba. Washegari aka aiko masa da rasuwar wani amininsa a Amarawa, ya hau jaki tun da safe, ya bar sallahu kada kowa ya shiga sai ya dawo. Hantsi na yi mata suka jeru da tulunan da ba komai, yara na kukan ƙishi. Na dubi Jaɓɓi, Jaɓɓi ya dube ni. Ba zan yi masa ƙarya ba yanzu da ba ya nan: ni na fara magana. Na ce, "Kafin tsoho ya dawo ka tarar masa da ruwa."

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, maza biyar suka riƙe. Na ɗaura masa tocila a goshi da hannuna, na kunna. Fitilar kasko na ajiye a gefe, ba wanda ya waiwaye ta. Ya yi bisimilla ya fara sauka yana waƙarsa, mu kuma muka kewaye baki muna leƙe. Wayyo, abin ya yi kyau! Hasken na zagaya bango, ana ganin kowane dutse. Ya wuce inda aka ce fitila ke mutuwa, wuta na nan fes. Ya kai ƙasa, wuta na nan. Sai na miƙe na juya wa rijiya baya na fuskanci jama'a, na shiga wa'azi. Ina masu wurin? Su hure mana mu gani! Ku zo ku ga aikin Arzika, wutar da ba ta san mai ba, ba ta san lagwani ba! Har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ce a leƙa a shaida, aka leƙa aka ce lallai tana ci.

Mahaifiyar Jaɓɓi, da kowa ke kira Inna, ita ba ta leƙa ba, kunne ta kasa. Sai ta kama mini riga ta ce, "Arzika, rufe bakinka."

Na ce, "Inna, mi ya faru? Ga wuta can tana ci."

Ta ce, "Wutarka na haifa? Ɗana ya bar waƙa."

Na leƙa. Hasken na nan, amma ya daina yawo, ya tsaya cak a jikin bango wuri ɗaya, a karkace. Na ƙwala kira, Jaɓɓi! Muryata ce kawai ta dawo. Ban san tun yaushe ya yi shiru ba, don surutuna ya rufe komai. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Inna ce ta daka wa maza tsawa su ja. Allah ya taimake mu bai kwance igiyar ƙugunsa ba, don ita ce dokar Baba Nomau ɗaya da ban samu damar gyarawa ba. Muka ja har da mata. Da yake ba ya tare kansa, jikinsa ya yi ta bugun bango, a nan goshin tocilar ya lotse. Da ba ta nan, goshinsa ne zai lotse, wannan kaɗai ne alherin da ta yi. Ya fito laƙwas kamar rigar da aka tsamo daga wanki, leɓɓansa sun yi baƙi, tocila kuwa tana ci a goshinsa tsakiyar rana.

Aka kwantar da shi a inuwa, ana fifita da faifai, ana yayyafa masa ɗan ruwan da mata suka yi tanadi don girki. Inna na kiran sunansa, liman na addu'a. Ni na rasa abin yi sai na sa hannu na kashe tocilar, wai kada batir ya ƙare. Ku ji fa! Har yau in na tuna wannan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An daɗe kafin ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, ya yi amai.

Baba Nomau ya dawo da yamma. Na shirya wa mari, na shirya wa zagi har kakannina. Ko kallona bai yi ba, ya wuce wurin Jaɓɓi. Da safe ya sa aka kira ni bakin rijiya a gaban duk waɗanda suka ji wa'azina. Ya kunna fitilar kasko, ya ɗora ta cikin ƙwarya mai igiya, ya damƙa mini ya ce in sauke a hankali ina ƙirga gaba da ƙarfi. Na ƙirga. A ta tara harshen wutar ya fara tsukewa. A ta goma ya koma kamar ƙwayar dawa. A ta goma sha ɗaya ya mutu, ba iskar da ta kaɗa, ba wanda ya taɓa.

Ya ce, "Ka gani? Aikinta ke nan. Ba don haske muke sauke ta ba, mu da munka yi shekara arba'in muna gina da lalube. Abin da ya shaƙe ta shi ka shaƙe mutum. Ita ka fara mutuwa don mu kada mu mutu. Taka ba ta san mutuwa ba, mi za ta gaya muna?"

Na ce, "Baba, don mi ba ka faɗa mini haka ba?"

Ya ce, "Ka tambaya?"

Wannan shi ake kira gyaran gangar Abzinawa. Abu ɗaya da fitilar nan ta iya, shi na zo na gyara.

Kwana huɗu suka ƙara suna jan damin ganye sama da ƙasa cikin rijiyar, ni ma ina cikin masu ja har tafukana suka sale, kafin fitila ta kai ƙasa da ranta. Wani ɗan'uwansu ya shiga, ruwa ya samu. Kafin in bar garin Baba Nomau ya ce, tun da hannuna na ƙaiƙayi, in yi wa fitilarsu gida, don ƙwarya na juyawa mai ya zube. Na yi mata ɗan keji na gwangwani, mai nauyi a gindi, buɗe ta ko'ina don ta shaƙi abin da mutum zai shaƙa. Magina rijiya daga Amarawa har Lafani suka riƙa aikowa. Da shi na ci tuwo har yaƙi ya ƙare batir ya dawo. Sarkin tocila na Illela, ga shi yana gina wa fitilar man gyaɗa ɗaki. Baffa Dikko kullum ya wuce sai ya ce, "Sannu da hidimar uwar gida."

Jaɓɓi ya tashi, amma ba duka ya dawo ba. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi mata jira. Waƙar nan ba a sake jin ta ba, rijiya kuma bai sake shiga ba. Ya koma tufkar igiya, ya kafa rumfarsa nan, inda kai mai jar hula kake zaune. Shi ya kawo mini tocilar da kansa ya rataye ta a ƙusar can. Bai taɓa ce mini na cuce shi ba, ko sau ɗaya, da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Abin da yake yi kawai, in ya ji na fara cika wa mai saye baki, wannan ba ta mutuwa, wannan ta fi ta kowa, sai ya ɗago daga tufkarsa a hankali ya ce, "Arzika... tana ci?" Nan take bakina ke mutuwa. Shekara talatin da wani abu yana yi mini wannan tambayar. Damina biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa, kuma tun daga lokacin ba mai tsayar da ni, shi ya sa kuka ga na cika ku da surutu.

Taka kuwa ba abin da ya same ta, batir ka saka kai a ƙasa. Ungo. Kai kuma miƙe ka sauko mini da waccan, a hankali, fatar ta tsufa. Duk wata nake sa mata sabon batir. Makunnin na gefen kunne, danna.

Ka gani? Fes. Ranar ma haka ta yi ta ci.